Takalmin Maman Iliya da Shekarar Jabun Gam

Shugaban matasan ikilisiyarmu ya roƙe ni in zo in yi muku magana a kan sana'a. Na ce ya bar ni in rubuta, domin idan na tsaya a gaban jama'a nakan manta rabin abin da na shirya, sauran rabin kuma in faɗe shi a juye. Ya gaya mini cewa da aka jera sana'o'in da za ku iya koya, da yawa daga cikinku sun zaɓi ɗinkin takalmi, wai shi ya fi sauƙi, gam ne kawai da guduma. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka sa'ad da na fara. Abin da na gani kawai zan faɗa, inda na yi kuskure kuma dattawa su gyara mini.

Sunana Luka, amma yawancinku kun san ni da Baban Alheri mai shagon takalmi a Dutsen Kura. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo Minna, a nan aka haife ni. Na yi jami'a, na karanta labarin ƙasa, na yi bautar ƙasa, na dawo na yi ta yawon ofisoshi da takardu a hammata har na gaji. Wani abokin mahaifina ne ya kai ni wurin Malam Inuwa mai ɗinkin takalmi a Tudun Wada, ya ce in riƙa zama a can kafin aiki ya samu. Mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce ba ta yi dakon doya ta biya makaranta don ɗanta ya ƙare da riƙe ƙafafun mutane ba. Aikin ofis dai bai zo ba, ni kuma ban tashi daga bencin ba.

Malam Inuwa musulmi ne, kakansa ya zo garin nan ne da aikin jirgin ƙasa. Ɗan boko yake kirana, ni kuma ina ce masa Baba. Idan aka kira salla yakan bar mini shagon, ranar Lahadi kuma bai taɓa tambayar inda nake ba. Aikin farko da ya ba ni shi ne in zauna a bakin shago in kalli ƙafafun masu wucewa. Wa yake taka gefen waje, wa yake jan ƙafa, wa yake jefa nauyinsa duka a gefe ɗaya. Da la'asar sai ya miƙo mini tsohon takalmi, ya ce in duba inda ya cinye in faɗa masa yadda mai shi yake tafiya. Na daɗe ina faɗin ba daidai ba. Sai da na fara dacewa sannan ya bar ni na taɓa wuƙa.

Kayan aikin ba su da yawa, wataƙila shi ya sa kuke ganin sauƙi. Wuƙa, basilla, zaren da ake shafa wa kakin zuma don kada ruwa ya ci shi, guduma, ƙafar ƙarfe da ake kifa takalmi a kai a buga, ƙafafun katako da ake jan fata a kansu ta ɗauki siffa, samfefa, sai gam. Duk za a iya sayensu a yini ɗaya. Amma wuƙar kaɗai ta ci mini watanni, tun daga wasa ta har zuwa kwantar da ita a fere bakin fata ya yi siriri ba tare da an huda ba. Wanda ya zo shagona zan nuna masa tabon a babban yatsana.

Takalmin da ya sa na zauna a sana'ar nan na wani tela ne da shan-inna ya taɓa tun yana yaro, ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta. Baba ya tsai da shi a kan daɓe ba takalmi, ya ɗora hannuwansa biyu a kan ƙashin ƙugunsa, ni kuma ina tura 'yan siraran alluna ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ɗaya bayan ɗaya, har hannuwan Baba suka daidaita. Tsayin allunan shi ne abin da ƙafar ta rasa. Robar da ake ƙara wa ƙasan takalmi don cike wannan gibin, mu ƙari muke ce mata. Na ɗauka za mu yanka ƙari daidai tsayin allunan mu manna, shi ke nan. Sai Baba ya zare kusan rabinsu ya ajiye gefe. Ya ce mutumin nan a karkace ya girma, bayansa da gwiwarsa sun yi shiri da karkacewar, in ka miƙe shi rana ɗaya gobe ba zai iya tashi daga gado ba. Sai a fara da kaɗan, ya je ya saba, ya dawo a ƙara, har a kai inda jikinsa zai yarda.

Akwai wasu abubuwan kuma. Dole ƙarin ya zama mara nauyi, shi ya sa ake jera roba mai laushi irin ta silifa a tsakiya, a sa mai tauri a ƙasa. Dole a fere gabansa ya ɗan ɗaga kamar goshin kwalekwale, in ba haka ba mai shi zai yi ta tuntuɓe. Ni ba likita ba ne, ina so a san wannan. Wanda ƙafarsa take ciwo ko kumburi, asibiti nake fara tura shi. Amma bayan na buɗe shagona, sannu a hankali aka san ni da irin wannan takalmin, har wasu suna zuwa daga ƙauyuka. Idan mace ce, matata ce take ɗora hannu a ƙugu, ni ina tura alluna.

Haka muka auna Maman Iliya. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kada in ƙara mata shekaru. Tana sayar da manja da kayan miya a Sauka Kahuta, kuma tun da mijinta ya rasu, wannan teburin ne yake ciyar da gidanta. Ta karye tun tana ƙarama, ɗorin bai yi kyau ba, ƙafarta ta hagu ta rage da kamar yatsu uku. Kafin in yi mata takalmi, sai ta zauna ta huta a hanya kafin ta isa inda za ta hau mota. Mun ɗauki kusan shekara muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Bayan nan, duk Lahadin da zumuntar mata suka fito da rawa za su kai baiko, wato sadakar coci, ita ce a gaban layi. Waɗanda suka girma a cikinku za su tuna.

Sai shekarar da muke kira shekarar jabun gam. An cika kasuwa da wani gam, gwangwaninsa iri ɗaya da wanda muka saba, warinsa ma iri ɗaya. A lokacin kusan dukanmu mun bar ɗinke ƙasan takalmi, domin gam na ƙwarai ya daɗe yana riƙewa shi kaɗai. Da rani gam ɗin ya kama kamar gaske. Da ruwa ya sauka, sai takalma suka fara buɗe baki. Ba ni kaɗai ba ne, duk mai sana'ar nan a garin ya sha. Wani ango ya zo mini da ƙasan takalminsa a aljihun babbar riga, bai ko zauna ba. Wata malamar makaranta ta aiko da nata a leda, ba saƙo. Na yi ta sake aiki kyauta, waɗanda ban kai gare su ba ina tara su a buhu a bayan ƙofa. Wasu masu cinikina har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. A ranin waccan shekarar ne na sabunta ƙarin Maman Iliya, da wannan gam ɗin.

Cikin daminar ikilisiya ta shirya taron farkaswa a fili, aka gayyato wani baƙon mai bishara, matashi mai himma. Ban je ba a ranar da abin ya faru, matata ce ta ba ni labari. An yi ruwa da rana, filin ya jiƙe. Mai bisharar ya kira marasa lafiya su fito a yi musu addu'a, Maman Iliya ta fita. Ana cikin addu'a da waƙa, tana taka ƙafa kamar kowa, sai ƙarin gaba ɗaya ya rabu da takalmin ya tsaya a cikin laka. Wani ya ɗauka ya ɗaga sama. Mai bisharar ya ce Ubangiji ne ya cire shi, domin ba ta bukatarsa kuma. Fili ya ɗauki guɗa. Ta tuɓe takalman biyu, ta yi tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, mata suna riƙe da ita suna kuka. Aka miƙa mata abin magana, ta ce Allah ya warkar da ita.

Ba na zargin mai bisharar. Abin da ya gani ya faɗa, kuma bai san abin da ke cikin buhun shagona ba. Ni ma na gaskata Allah yana warkarwa, ban taɓa shakkar wannan ba. Saboda haka na yi shiru, na ce wataƙila ta hanyar jabun gam ya ga dama ya yi nasa aikin, wane ni in hana. Amma idon da aka koya wa kallon tafiya ba ya iya daina gani. Lahadi ta farko na ga kafaɗarta ta hagu ta sauka. Daga baya ta fara dafa cinya in za ta hau matakalar coci. Ta bar gaban layin rawa ta koma tsakiya, daga nan ta daina tashi gaba ɗaya. Matata ta je Sauka Kahuta cefane ta tarar an rufe teburinta da leda, maƙwabta suka ce baya ne ya hana ta fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwar dama, mai lafiyar, domin ita take ɗaukar nauyin duka. In ta lalace, babu ƙarin da zai gyara ta, kuma teburin nan ba zai sake buɗewa ba.

Na rasa yadda zan yi. In na yi magana, za a ce mai takalmi yana kishin ciniki ne, ko a ce ina raina aikin Allah. Akwai kuma waɗanda suka ba da gaskiya a wannan taron, ina tsoron in zama sanadin tuntuɓensu. A ƙarshe na je wurin Baba Fasto, tsohon fastonmu na lokacin, na same shi da safe yana ɓare gyaɗa a ƙofar gida. Na fara da gaisuwa, na bi ta tsadar fata, na bi ta damina. Ya ce, "Luka, ka daina kewaye-kewaye, gyaɗar nan za ta ƙare ba ka iso ba." Na faɗa masa duka. Ya ce shi ma yana da ido, tun tuni yake addu'a wani ya kawo masa dalilin da bai sani ba.

Na tambaye shi abin da yake ci mini rai, ko takalmina yana tsayawa ne tsakanin mutum da bangaskiyarsa. Ya tuna mini cewa a cikin Littafi Mai Tsarki, sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada a jeji, Allah bai sauko da ita a shirye daga sama ba, ko da yake yana da iko. Ya kira masu aikin hannu da sunansu, ya cika su da Ruhunsa don su iya aikin itace da ƙarfe da saƙa, har ya ba su iya koya wa wasu. Ya ce Ubangijinmu ya fi daɗewa a gidan kafinta fiye da yadda ya daɗe yana wa'azi, kuma manzon da ya kafa ikilisiyoyi da yawa da ɗinkin tanti yake ci. Wanda yake ba da warkarwa shi ne yake ba da gwaninta, in ji shi, kuma ba ya faɗa da kansa. Wannan maganar ta iya koya wa wasu ta tsaya mini. A fahimtata, in ban yi kuskure ba, tana nuna cewa baiwa ba ta hana zama a benci a koya.

Na roƙe shi ya yi bayani a kan bagade. Ya ƙi. Ya ce ba zai tsai da mace a gaban jama'a ya kunyata ta ba, ita ta yi shaidar, ita ce za ta san yadda za ta yi da ita. "Ni zan ci gaba da yi mata addu'a, kai kuma ka je ka yi abin da aka ba ka," in ji shi. "Amma wannan karon ka ɗinke shi."

Muka je gidanta ni da matata, na ɗauki buhun a bayan babur. Muka same ta a kwance a tabarma, ta tashi zaune da ƙyar. Bayan gaisuwa na zazzage buhun a gabanta, takalma iri-iri, kowanne ƙasansa daban samansa daban, na bayyana mata batun gam. Ta daɗe tana kallonsu. Sai ta yi dariya har ta dafe baya.

"Ashe Allah ya warkar da rabin Minna a damina ɗaya," in ji ta.

Na ce, "Maman Iliya, ban zo in ce an yi ƙarya ba ne."

"Baban Alheri, na sani tun da gari ya waye. Ƙafata ce, ni nake taka ta. A filin nan kam na ji kamar an warkar da ni, Allah ya sani ban yi ƙarya ba. Amma bakin da ya ce an warke a gaban mutane, da shi zan koma in ce a'a? Har daga wasu coci-coci ake zuwa kallona."

Matata ta ce masu zuwa kallon ba su ne za su ciyar da yaranta ba. Maman Iliya ta ce ta san wannan fiye da kowa. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko zan iya yi mata takalmin da ƙarin zai ɓuya a ciki, yadda ba wanda zai gani.

Na gaya mata gaskiyar aikin. Cikin takalmi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kaurin yatsa ɗaya, in aka ƙara diddige zai riƙa fita. Amma tun da ta yi watanni ba ƙari, jikinta ya koma karkacewarsa ta dā, dole daga kaɗan za mu sake farawa, kuma wannan na farkon zai iya shiga ciki. Na biyu kuwa ba zai ɓuya ba, ko wa ya yi shi. Na kuma ce mata ba zan je ina faɗa ba, amma in wani ya tambaye ni kai tsaye ba zan yi ƙarya ba. Har yau ban tabbata ko na yi daidai da na yarda da na ɓoyen ba. Gwiwar nake kallo.

Ta sa na farkon. Ta fara fita kasuwa, rabin yini, tana dawowa kafin azahar. Da lokacin ƙari na biyu ya yi, na aika mata saƙo. Na yi shi da kyau, na jera robar, na fere goshin, na bi shi da basilla da zare zagaye. Ya zauna a kan kantar shago makonni ba ta zo ba. Ban sake aikawa ba, domin a ganina ba hurumina ba ne in matsa mata. Ran nan da safe na ga ta sauka daga keke napep a bakin shagon. Ta ce rabin yini ba ya ciyar da gida, kuma gwiwar ta fara yi mata magana. Ta sa takalmin, ta yi tafiya zuwa bakin titi ta dawo, ta tuɓe, ta sa a leda ta tafi, ba ta ce ga ranar da za ta fara sawa ba.

Lahadin da ta biyo baya ina zaune a inda na saba, kusa da hanyar tsakiya. Ta shigo da shi a ƙafarta, ba ta kuma sauke zaninta don ya rufe ba. Na ga kawuna suna juyawa. Ba ta nemi a ba ta lokacin shaida ba. Da zumuntar mata suka tashi za su kai baiko, ta tashi tare da su ta shiga layi. Wata dattijuwa daga cikin waɗanda suka riƙe ta a fili ta tsaya a gabanta ta kalli ƙafar. Ba da mugunta ta yi tambayar ba, a ganina, abin ya ɗaure mata kai ne.

"Maman Iliya, ina warkarwar?"

"Mama, tafiya na roƙi Allah, ga ni ina tafiya. Matsa mini in wuce, waƙa tana tafiya ta bar mu."

Dattijuwar ta matsa. Wasu sun yi magana bayan an tashi, wasu sun daina gaishe ni na wani lokaci, ɗaya daga cikinsu kuma daga baya ya kawo mini ɗiyarsa a auna ta. Ni dai ina kallon diddigenta tun daga ƙofa har gaban bagade, na ga har yanzu akwai sauran ƙari kafin ƙugun ya daidaita. Da aka tashi na tare ta a waje na ce ta kawo takalmin bayan wata guda a ƙara na ƙarshe. Ta ce sai dai in biyo ta Sauka Kahuta da allunana, ita kam yanzu ba ta da lokacin zama a shagon kowa.